Gundumar Da Ta Fi Shuɗi

"Essex ce!" Mashud ya buga tebur har shayinsa ya fantsama kan takardu. "Duba mana, Oga Haliru. Ko kujera ɗaya ba su bar ma kowa ba."

"Ita Lincolnshire ɗin wa ta bar wa?" Haliru ya ja kujerarsa kusa da kwamfuta, idanunsa na ƙyalli. "Ba yawan kujeru muke aunawa ba, ɗan Kumasi, kason ƙuri'a muke aunawa. Haɗa mazaɓun nan ka gani. Haɗa mana!"

Safiyar Juma'a ce, washegarin babban zaɓen Birtaniya, kuma ɗan ofishin tasharsu da ke unguwar Stratford a London ya koma kamar tashar mota ranar jajibere. Tashar Hausa ce mai watsa shiri ta intanet, gidajen rediyo a Najeriya da Nijar da Gana suna ɗauka. A jikin bango an manna taswirar sakamako: ja ga jam'iyyar Labour, shuɗi ga Conservative, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. London ta yi ja a tsakiya, kewayenta kuwa kamar an tsoma ƙasar a marina. Aikin da aka ba Haliru shi ne ya gaya wa masu sauraro gundumar da ta fi kowace karkata ga masu ra'ayin riƙau.

Mashud, abokin aikinsa, ya haɗa, ya sake haɗawa, sannan ya sosa ƙeya. Lincolnshire ta ɗara Essex, ba da yawa ba, amma ta ɗara. Haliru ya miƙe tsaye ya yi wata 'yar rawa da ba ta dace da mai furfura a gemu ba.

A faɗi gaskiya, murnar nan ba ta aikin jarida ba ce zalla. Matarsa Murja likitar tsofaffi ce a babban asibitin koyarwa na Camberwell, a nan cikin London. Shekara da shekaru tana jiran muƙamin babbar likita, ana ɗaukar na bayanta suna wuce ta. Sai ga shi wani asibiti ya kira ta, ya ba ta muƙamin, kuma yau kafin a tashi aiki za ta ba su amsa. Asibitin kuwa a Lincolnshire yake. Haliru ya yi duk dabarar da ya iya. Ya ce makarantar ɗansu Nabil, ya ce nisan masallaci, ya ce jirgin ƙasan da zai riƙa hawa zuwa aiki, ya ce ina za su samu daddawa. Duk ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, har hujjojinsa suka ƙare. Da asubar yau sakamakon zaɓe ya kawo masa sabuwa fil.

"Kin gani ko?" ya ce mata a kicin, yana nuna mata waya. "Shuɗi kaf. Mutanen nan ba sa son baƙo, Likita. Da ɗankwalinki za ki shiga cikinsu?"

Murja ta daɗe tana kallon taswirar. Ba ta yi musu ba, kuma wannan ya fi musun ciwo.

"Shi ke nan, Abban Nabil," ta ce tana ɗaukar jakarta. "Ba zan kai ka inda za ka riƙa kallona da laifi ba. Da yamma zan kira su in yi declining, in ce ba na so."

Ya ci nasara ke nan, ya kuma fito gida yana jin daɗinta. Abin da ya rage kawai shi ne lissafi ya tabbatar masa, ga shi kuwa ya tabbatar.

"Ina hular?" Hajiya Adda, editar tashar, ta leƙo daga ƙofa.

Wannan doka ce tata da kowa ya haddace: duk labarin Turai sai an sa masa hular gida kafin ya fita. Wato sai ka kwatanta shi da abin da manomi a Ɗanja ko mai shago a Maraɗi ya sani, in ba haka ba ka yi wa kanka magana ne kawai.

"Tana kaina, Hajiya," in ji Haliru. Ƙarya yake yi, bai ko tuna da ita ba.

Jar fitilar situdiyo ta kama, alamar an fara shiri. Haliru a gaban makirufo wani mutum ne daban, murya ta buɗe, kafaɗa ta miƙe. Ya zagaya da masu sauraro Kent da Surrey, ya tsaya a Essex ya yi wa Mashud tsiya, sannan ya ja numfashi ya sanar da Lincolnshire kamar mai shelar wanda ya ci kofi.

"To Oga," Mashud ya jefo tambaya, "wane irin mutane ne ke wurin nan?"

Haliru ya gyara zama. Ya ce ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin dankali da kabeji da alkama iya ganinka. Ya ce tsofaffi sun yi yawa, matasa sun gudu birni. Ya ce da yawansu abin da uba ya zaɓa shi ɗa ke zaɓa, kuma kafin su saki jiki da sabuwar fuska sai an kai ruwa rana. Ta bayan gilashi Hajiya Adda ta taɓa kanta da yatsa. Hula.

"Kamar dai..." Ya laluba, bakinsa ya riga shi. "Kamar ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi. Mahaifina har ya koma ga Allah layi ɗaya yake bi ranar zaɓe. Baƙo kuwa, in ya zo, a ba shi ruwa a nuna masa hanya."

Layukan waya suka kama wuta. Na farkon da aka saka wani dattijo ne, muryarsa na karkarwa saboda fushi ba saboda tsufa ba.

"Gariba ne daga Funtuwa. Haliru, ba kai ne na gidan Sarkin Noma ba? Ni abokin yayanka ne. Yau mu ka saka a rediyo ka ce ba ma son baƙo? To wa ya yanke maka cibiya?"

Mashud ya toshe baki da hannu.

"Sista Ekaete ce, Malam Gariba," in ji Haliru a hankali.

"To faɗa musu! Ko ni in faɗa?"

Bai jira ba, ya faɗa. Wata ungozomar asibiti ce 'yar ƙasar Kalaba, Kirista, gwamnati ta turo ta ƙauyen tana budurwa. Shekarar farko ta sha wuya, ya ce, wannan ba zai ɓoye ba. An hana ta hayar ɗaki, a shagon magani take kwana, mata na ganinta su sauya hanya. Amma da aka zo yi mata canjin wurin aiki bayan wasu shekaru, dattawan garin ne suka cika akori-kura har Kaduna suka ce ba inda za ta. A can ta tsufa, gero da kaji har ta rasa inda za ta zuba.

"Kuma ba mu sauya layi ba ranar zaɓe, ko sau ɗaya," Malam Gariba ya ƙarasa. "Ita ma ba namu take bi ba. Meye haɗin ƙuri'a da mai karɓar haihuwa?"

Babu abin da ɗan rediyo ke tsoro kamar shiru a iska. Haliru ya yi shi. Ya ga farin takalmin Sista a ƙofar zaurensu, ya ga mahaifinsa, mutumin da ba ya tashi wa kowa, yana miƙewa ya ba ta buzunsa. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Hajiya Adda na ta kaɗa hannu a bayan gilashi.

"Malam Gariba," ya ce da ƙyar, "ka fi ni gaskiya."

Bai san yadda aka rufe shirin ba. Yana fitowa ya kira Murja, waya ta kai shi wurin ajiye saƙo. Ya rubuta mata, "Kar ki kira su tukuna." Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. In tana zagayen marasa lafiya wayarta a aljihu take kwana. Ya yi sallar Juma'a a masallacin kusa, kuma Allah ya yafe masa, rabin huɗubar a kan waya idonsa yake.

"Oga, je ka same shi mana," in ji Mashud da Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Matanka ne, ba minista ba ne."

Mai hankali da ya miƙe kai tsaye Camberwell. Amma Haliru mutum ne da ya iya magana da mutane dubbai, bai iya cewa "na yi kuskure" a gaban mace ɗaya ba. Yana cikin jirgin ƙasa dabara ta zo masa, ya sauka a Deptford. Ya kutsa cikin kasuwar bakin titi, ya wuce masu kifi da masu barguna, ya faɗa shagon Katumi, inda yake sayen kayan miya tun yana gwauro.

"Daddawa, Hajiya Katumi. Duk wadda kike da ita. Da kuka, da kuɓewa busasshiya, da tsamiya, da gero."

"Lafiya? Biki za a yi ban sani ba?"

"Tashi za mu yi."

"Kai ɗin?" Katumi ta ajiye mudun hannunta ta dube shi. "Kai da na sauya wa daddawa leda ka yi mako kana min ƙorafi? Ina za ku?"

"Lincolnshire."

"Can da ka gama zagi ɗazu a rediyo?"

"Ban zage su ba, aunawa na yi. Don Allah ki yi sauri."

Ba ta yi sauri ba. Sai da ta ba shi labarin wata ƙanwar mijinta mai aikin jinya a can wajen, wadda maƙwabta suka yi shekara ba su ce mata ci kanki ba, yanzu kuma su ke riƙe mata yara. Sai da ta ƙara da na wani da aka fasa wa gilashin mota ya tattaro ya dawo London. Haliru ya so a ce na farkon kawai ta bayar. Ya ɗauki jakar, nauyinta ya kusa karya masa kafaɗa, ya ruga wajen bas.

Bas ɗin kuwa kamar da gayya. Ta tsaya a New Cross, ta tsaya a Peckham, ta tsaya inda ba kowa. Rana ta hunturu ta fara faɗuwa tun kafin a shirya mata. Warin daddawa ya cika benen bas ɗin, wata mata ta tashi ta sauya kujera. Haliru na duba waya, saƙon na nan yadda ya bar shi. Tsoro ya shige shi sosai: in ta riga ta kira su, muƙamin ya tafi, kuma shi ya kore shi da hannunsa da wata taswira. Murja ba za ta taɓa yi masa gori ba, ya san ta. Za ta ci gaba da tashi da asuba tana tafiya aikin da ya yi mata kaɗan, shi kuma yana kallo.

A harabar asibitin ya roƙi ma'aikaciyar tebur ta kira masa ita. Ya tsaya da jakarsa a tsakanin ƙafafu, yana haki, mutane na ratse shi. Can sai ga ta ta fito daga lif, abin awon ƙirji rataye a wuya, gajiya a fuska.

"Abban Nabil? Wani abu ya samu Nabil?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kin kira su?"

"Na kira."

Haliru ya nemi bango ya dafa.

"Sake kiran su, Likita. Ki ce kuskure ne, ki ce mijinki ne ya... Ba ni lambar ni in yi musu magana, ai magana ce sana'ata."

Murja ta sunkuya ta buɗe bakin jakar, warin ya bugo ta, ta dubi ƙullin daddawa da kuka da gero. Kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ko da yake da ta ɗago idanunta sun jiƙe.

"Na yi accepting, na karɓi aikin tun kafin azahar," ta ce.

"Kin yi me?"

"Ina hutun shan shayi na sa abin kunne in ji yadda za ka yi da gundumata. Na ji Malam Gariba." Ta share ido da bayan hannu. "Abban Nabil, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ka ce wa ɗan Adam ya fi ka gaskiya ba. Ina jin haka na san ka sauko, na ce bari in kira kafin ka sake hawa."

Duk jawabin da Haliru ya tsara a bas ya watse.

"Amma fa ki sani," ya ce daga ƙarshe, "ita ce ta fi shuɗi. Na auna. Kuma Sista ma shekarar farko a shagon magani ta kwana."

"Na ji wannan ma," in ji Murja. Dariyar ta ɗan ja baya. "Ita ai ita kaɗai ta je."

Ta ce ya jira ta ɗauko rigar sanyinta. Da ta dawo ta kama hannun jakar ɗaya, ya kama ɗaya, suka fita wajen bas.