Gahawar Gwangwani a Majalisin Baba Husaini

Duk unguwar Sharafiyya ta Jidda babu wanda bai san Baba Husaini mai gahawa ba. Biki ne ko ta'aziyya, shi ake kira ya zagaya maza da dallarsa, butar nan mai dogon baki. Mutum ne mai fara'a, amma ka kushe masa gahawa ka ga tsiya. To ga ɗansa Mazen ya gama karatu a waje ya dawo, ya rasa aikin da zai samu duk faɗin Jidda sai na raba gahawar gwangwani a shaguna. Gahawar kuwa ta wani kamfanin giya ce na Turai. Can da giya suke haɗa ta, wadda ake kawowa nan ce babu.

"Magana ta ƙare, ba da yawuna ba," in ji Baba Husaini, ranar da matarsa Sharifa ta kawo masa labarin.

Shi kuma Mazen ya ce ba zai fara ba sai da albarkar uba, ga masu aikin suna jiran amsarsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo majalisi ya gaida uban. Tsohon ya tsiyaya masa gahawa daga zaune, ya tura masa finjali. Mazen ya karɓa ya ajiye a ƙasa, ko kurɓa bai yi ba. Kai, yaro da wayo! Al'ada ce ta Larabawa, baƙo mai buƙata ba ya shan gahawar mai gida sai an biya masa buƙatarsa, kuma abin kunya ne finjali ya huce a gaban baƙo. Baba Husaini ya sha ganin an yi wa manya haka, bai taɓa zaton za a yi masa a gidansa ba. Dariya ta taso masa, ya danne.

"Yau kuma baƙo ka zama? Faɗi."

"Ka ɗanɗana kawai, Baba." Ya zaro gwangwani daga leda, sanyi har yana naso.

Tsohon ya dubi abin. Ba gwangwanin yake tsoro ba. Tun da yaron ya tafi karatu akwai tambayar da ke cinsa, bai taɓa samun bakin yin ta ba.

"Mai giyar fa, ta can? Ka sha?"

"Wallahi ban taɓa ba, Baba. An miƙo mini, ba sau ɗaya ba. Na ƙi."

Ya daɗe yana kallon idon ɗansa. Sannan ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har sai da ya gyara zama.

"Yalla, buɗe. Amma ni ba na kafa baki a gwangwani."

Aka tsiyaya masa a finjali, kumfa ta taso ta zube a kan tire. Ya shinshina, ya yi bismilla, ya kurɓa. Sanyi ya kama masa haƙori, zaƙi ya biyo, can ƙasa ga ɗacin sha'ir. Ya yamutsa fuska.

"Kamar an ɗauraye dallata da lemo. Wannan mutane ke saye?"

"Sosai ma."

Daga bakin labule Sharifa ta tuntsire da dariya, don ta ga ya sake kurɓa.

"Ke kuma fa? Tantancewa nake yi." Ya juyo ga ɗansa. "Je ka yi aikinka, Allah ya yi maka albarka. Sai dai kada ka sake kiran wannan gahawa a gidana."

Mazen ya kai hannu zai ɗauki finjalinsa, uban ya riga shi, ya zubar da wadda ta huce. Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, ya tsiyaya mai zafi, ya rusuna ya miƙa masa da dama, yadda yake yi wa manyan baƙi.

"Bismilla, sha gahawarka."

Mazen ya karɓa, ya kurɓa.