Fukafukan Kwali a Safiyar Kirsimeti

"Danne nan. Ba nan ba, Maman Nkandu, nan. Ke da aka ce kin yi makaranta."

Na matsar da yatsana inda ta nuna. Maƙwabciyata, kakar Lubuto, ta tsoma gashin kaza a kwanon talgen rogon da muke manni da shi, ta nufi kwalin da shi, sai ya suɓuce mata ya faɗi kan bargo. Karo na uku ke nan. Na ɗauka na manna.

Safiyar Kirsimeti ce, bakwai ta ɗan gota. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka a unguwar Chiwempala, shinge ɗaya ne tsakaninmu. Tun da asibiti suka sallamo ta suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ni ke zama da ita da safe. Makarantar da take min gori a kai ta yamma ce, wadda na shiga a coci ina da shekara arba'in da shida. Saboda karatun nan ne aka ba ni aikin rubuta sunaye a bayan fukafukan, kada su cakuɗe da na 'ya'yan wasu.

Daga kan gadon nan ta ƙawata gidan, da baki kawai. Jikokinta biyu, Lubuto mai shekara tara da Kasuba mai shida, su ne hannayenta. Sun yanyanka tsofaffin littattafan makaranta sun haɗa sarƙa har ta zagaye falo sau biyu. Sun wanke takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin madara sun fitar da taurari. An kafa reshen itace a gwangwanin fenti cike da yashi, an rataya masa murafen kwalba da auduga. Sati biyu suna zuwa kasuwa wurin masu fige kaji suna tsinto farin gashi, mu wanke mu shanya. Ƙarfe tara za su fito a matsayin mala'iku a wasan yara na coci. Fukafukan Lubuto sun bushe tun jiya. Na Kasuba saura rabin ɓari ɗaya.

"Tura ƙofar," in ji ta.

Na tura. Daga tsakar gida ana jiyo ƙanwarta, Maman Mwaba, wadda ta zo daga Kasama kwana uku da suka wuce, tana faɗa da gawayi da shinkafa da yaran gaba ɗaya.

"Ba zan kai tsakar rana ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga yatsa.

"Kada ki fara. Shekara ashirin kina saurarena, ki ƙarasa yau. In na tafi kafin su gama, kada wadda ta buɗe baki."

A wurinmu ba a faɗin mutuwa da magana. Matar da ke kusa ita ke fita bakin ƙofa ta saki kuka, maƙwabta su amsa, layi ya miƙa wa layi. Kuma ba a jinkirtawa. Wadda ta zauna da gawa a ɗaki ta yi shiru, akwai sunan da ake kiranta da shi, mayya, sunan kuma ba ya wankuwa. Cocin kuwa a ƙarshen layinmu yake. Kukan zai riga mai gudu isa can, kuma nan take za a fito da yaran.

"Bara uwarsu ta tafi saura kwana shida Kirsimeti," ta ce. "Ko balan-balan ɗaya ba su hura ba. Ba za a ce uwa ta cinye musu ɗaya, kaka ta zo ta cinye ta biyu ba. Su sa fukafukan nan su hau, su sauko. Bayan nan ku tsaga unguwa in kun ga dama."

"Ki faɗa wa ƙanwarki da kanki."

"Wannan? Tun muna yara ko akuya ce ta yi tari sai ta ɗora hannu a ka. Ke ce bakinki ke rufuwa." Ta so ta yi dariya, abin ya koma mata tari. "Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

Ta rufe ido. "To manna. Ki jera su suna kallon ƙasa, kada yarinya ta fito kamar kazar da aka koro daga lambu."

Na ci gaba da mannawa. Numfashinta kamar ana jan tsintsiya a siminti, ya tafi, ya tsaya, ya dawo. Na manna goma sha ɗaya. A na goma sha biyu ya tsaya, na riƙe gashin ina jira ya dawo. Agogon bango yana nuna takwas saura kwata. Na jira har talgen ya bushe a yatsana.

Kukan ya taso min daga ciki da kansa, kamar amai. Na cusa bakin zanena a baki na cije. Sannan na shafe mata ido, na tokare haɓarta da matashi, na juya fuskarta bango, na ja bargon zuwa kafaɗa, ban wuce nan ba. Na koma na zauna na ƙarasa fiffiken. Saura gashi wajen ashirin ne. Ban san hannuna zai iya ba.

A falo yaran na tsaye cikin rigunan da aka yanka daga tsohon zanen gado, an shafe su da mai sai sheƙi suke. Na ɗaura wa Lubuto nata, na ɗaura wa Kasuba.

"Zan nuna wa Kaka!" in ji Kasuba.

Kafin in yi tunani na tare ƙofar da jikina. "Ta kwanta."

"Ai ta ce sai ta gani. Ta ce in bai yi kyau ba za ta cire kunnen Lubuto."

"Kunnen wa? Naki dai, mai ƙaton kai."

Na buɗe ƙofar kaɗan. "Daga nan. Ku juya mata baya, a hankali, ban da surutu."

Kasuba ta juya, ta girgiza kafaɗa don gashin ya motsa, ta yi raɗa, "Kaka, kin gani?" Lubuto ba ta juya ba. Ta tsaya tana duban bargon, ta daɗe, sannan ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na ce igiyar kafaɗarta ta karkace, na shiga gyara abin da bai lalace ba.

Yaran layi suka ƙwala musu kira daga waje, wasu cikin shigar makiyaya da sandunan rogo, wasu ta sarakuna da hulunan kwali. Ƙofar shingen ta yi wa fukafukan kaɗan, sai da suka fita a kaikaice, ɗaya bayan ɗaya.

Ba su yi nisa ba Maman Mwaba ta shigo da kofin shayi. Na ce ta ba ni. Ta ce tun yaushe na zama mai gadin ɗakin yayarta, ta ture ni ta shige. Na bi ta na mayar da ƙofa.

"Yaya, tashi ki sha kafin ya huce. Yaya?"

Ta taɓa goshin. Kofin ya faɗi. Na ga ƙirjinta ya cika, kanta ya yi baya, sai kawai na ga tafina a kan bakinta. Ni da ban taɓa ɗaga wa mace hannu ba.

Ta cije ni. Ban sake ta ba sai da na faɗa mata duka a kunne, yadda aka faɗa min, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta fizge. "Kin haukace? Tun yaushe?"

"Takwas saura kwata."

"Kika zauna da ita kina manna gashin kaza? Yesu! Ke wace ce a gidan nan? Ciki ɗaya muka fito da ita. Ni ce zan koma Kasama in tsaya gaban dangi. Su ce ina kike da ta cika, in ce ina dafa shinkafa? Su ce wa ya yi mata kuka, in ce maƙwabciya ta toshe min baki?"

"Awa ɗaya da rabi ne kawai."

"Wa ya ji ta faɗa? Kina da shaida?"

"Babu. Ni kaɗai ce."

"To kin san abin da za su kira ki."

"Na sani."

Ta nufi ƙofa. Ban tare ta ba, ba ni da wannan ikon. Abin da na ce kawai shi ne, "In kin fita, ki aika wani ya kwance musu fukafukan kafin a fito da su. Ni ba zan iya ba."

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa. Daidai nan muka ji murya a falo.

"Gafara dai masu gida! Barka da Kirsimeti!"

Maman Chisala ce ta gidan da ke kallon namu, wadda ko tukunya ce ta fashe a layin sai ta riga mai tukunyar sani. Na fita na same ta da kwanon fanke, tana kallon sama.

"Kai, gida kamar kanti a cikin gari! Na kawo wa tsohuwa, ko ɗaya ta ci. Ina take?" Ta nufo ɗakin. Idonta ya sauka a hannuna da ke tsattsafo da jini. "Lafiya? Dambe kuke da safiyar haihuwar Ubangiji?"

Na dubi ƙasa ina jira in ji abin da zai fito daga ɗakin.

Maman Mwaba ta fito, zanenta jiƙe da shayi, ta ja ƙofar a bayanta. Muryarta siririya, kamar ba tata ba. "Da ƙyar ta samu barci. Kika tashe ta da wannan bakin naki, ni da ke ne. Ajiye nan."

Maman Chisala ta ajiye, amma ba ta tafi nan take ba. Ta tsaya tana kallon ƙofar, ta ɗan karkata kai. Can ta ce za ta makara coci, ta fita tana waiwaye.

Muka zauna a ƙasa, a ƙarƙashin sarƙar takarda. Shinkafa ta kama a tsakar gida, ƙaurin ya cika gidan, babu wadda ta tashi. Lasifikar coci na kawo mana komai. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, aka yi sanarwa, fasto ya karɓa.

"Wannan mutumin ba ya gajiya?" in ji Maman Mwaba.

Ta cusa zane a baki tana jijjiga gaba da baya, hawaye na zuba babu sauti. Sau biyu tana miƙewa ta kai bakin ƙofa, ta dawo. Ban riƙe ta ba, ban kuma dube ta ba. Da ta dawo karo na biyu ta ce, "Haka take tun muna yara. Sai ta sa mutum abin da ba a yi." Na gyaɗa kai. Ta dubi hannuna, ta yago gefen ɗankwalinta ta jefo min.

Tara da rabi ta wuce kafin mu ji muryoyin yara. Wani makiyayi ya manta maganarsa, coci ya ɗauki dariya. Jaririn wani ya tsala ihu a kusa da lasifika. Sannan muryar Lubuto ta fito tana ba makiyaya albishir, da ƙarfi har na'urar ta yi fito. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A bayanta sauran mala'iku suka ɗauki waƙa, akwai wata ƙaramar murya da ke riga kowa shiga.

"Sun sauko?"

"Bari mu ji tafi."

Waƙar ta yi tsawo. Aka maimaita ta. Daga baya tafin ya zo, da guɗa, ya daɗe bai tsaya ba.

Maman Mwaba ta miƙe, ta kwance zanenta ta sake ɗaure shi tamau a ƙugu. Ta shiga ɗakin ta ja bargon ya rufe fuskar. Ta fita bakin ƙofa ta saki. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, wanda aka danne har ya yi tsami. Na bi bayanta da nawa. Gidan gefe ya amsa, na bayansa ya amsa, har lasifikar coci ta yi shiru a tsakiyar magana.

Maman Chisala ce ta fara isowa cikin kayan zumuntar matan coci, wasu huɗu a bayanta. Ta shiga ɗakin, ta kama hannun gawar, ta taɓa haɓar. Ta fito a hankali.

"Wannan ba ta yanzu ba ce."

Kukan ya yanke. Daga ƙasa inda take zaune Maman Mwaba ta ce, "Yayata ce. Ni na ce a jira. Mai magana ta same ni."

Duk da haka ni suka kalla. Akwai biyu a cikinsu da har yau ba sa karɓar gishiri daga hannuna.

Maza suka fara fitar da kujeru zuwa gindin mangwaro, kamar yadda ake yi, don mata su sami wurin zama a ciki. Aka sauke labule. Wata ta hau tebur tana warware sarƙar takarda tana naɗe ta a hannu. Na fita na tsaya a ƙofar shinge.

Matar fasto ce ta riƙo yaran biyu, kowace da ƙullin alawa a leda. Lubuto ta saki hannunta ta zo gabana. Idonta a bushe.

"Iya, kin sani tun da safe."

"Na sani."

"Ni ma."

Ta juya min baya. Na kwance igiyar, ta zare hannuwanta, ta shige cikin mata. Kasuba kuwa ta ƙi a taɓa nata. Wani dattijo ya ɗaga ta ya ɗora a kujera a gindin mangwaro, tsakiyar maza. Kwalin ya hana ta jingina, sai ta zauna a bakin kujerar, ƙafafunta ba sa kai ƙasa, tana ƙoƙarin kwance bakin ledar da haƙori.