Layin da Baban Erdoo Ya Zaɓa

"To idan ruwan sama ya sauka fa?" in ji Baban Erdoo. "Wannan abu naka zai tsaya, ko zai gudu ya bar mu?"

Oliver ya sauke tsanin da ke kafaɗarsa, ya jingina shi da katangar da ta raba gidana da na tsohon, ya juyo ya dube ni kamar ni ce zan cece shi. Ba wannan ne zuwansa na farko ba. Kullum da kayan aiki yake zuwa, kuma da su yake komawa.

"Oga, na faɗa maka," ya ce. "In ruwa ya yi ƙarfi yana rage gudu kaɗan. Ruwa na tsayawa zai dawo."

"Na kamfani ba ya ragewa."

"To ka sa na kamfanin mana!" na ce. Ban san muryata za ta fita da ƙarfi haka ba.

Tsohon ya gyara zama a kujerarsa ta roba, ya ce zai ƙara tunani. Oliver ya ɗauki tsaninsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Sunana Usaina, a unguwa Maman Safiyu ake kirana, ɗinki nake yi a Bukan Sidi, cikin garin Lafiya. Lungunmu a cikin kwari yake, in kana son waya ta kama sosai sai ka hau har bakin titi. Masu kawo min ɗinki kuwa yanzu ba sa zuwa da samfuri a hannu, bidiyo suke turowa. Maƙwabcina Mista Iortyer, wanda duk unguwa ke kira Baban Erdoo, tsohon ma'aikacin gona ne, matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa tilo, Erdoo, tana Ingila tana karatun aikin jinya, ta aiko masa da kwamfuta don su riƙa ganin juna. Shi da kansa ya leƙo ta katanga tun da rani ya ce mu jawo intanet guda mu raba, gida biyu layi ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. Ga shi har damina ta yi nisa ba mu jawo komai ba.

Ba wai bai san abin da ake ciki ba. Ya fi ni sani. Ya san kamfani na da tsari biyu. Tsarin gida ya fi sauƙi, amma gida ɗaya kawai aka yarda ya yi amfani da shi, in ya lalace kuma sai layi ya zo kanka. Tsarin 'yan kasuwa ya fi tsada, ana iya rabawa, masu gyara suna zuwa da wuri, sai dai sai ka nuna takardar rajistar shago. Oliver kuwa dillali ne, sari yake yi daga kamfani ya raba wa mutane ta dogon ƙarfen da ya kafa a bayan shagonsa. Ba ruwansa da gida nawa ne a kan layi. Matsalarsa da yamma ne, in duk unguwa ta hau, sai abin ya riƙa rarrafe.

Wata rana har ofishin kamfanin tsohon ya ja ni a keke mai ƙafa uku. Ya hau matakala yana tsayawa yana haki, na ɗauka tsufa ne. Ya zaunar da yarinyar da ke karɓar baƙi da tambayoyi.

"Wayar naku ta ƙarƙashin ƙasa zai bi? In masu gyara kwata sun tsinke shi fa? In na sa na gida, maƙwabciya na ya ɗan sha ta katanga, za ku kama mu?"

Yarinyar ta amsa duka da haƙuri. Da ta miƙo masa biro, sai ya ce na dillali ma yana da nasa kyau, bari ya ƙara dubawa.

A wannan makon na yi asarar mai kawo ɗinki mafi girma da nake da ita. Ankon biki ne, ta turo bidiyon wuyan rigar da take so, ya ƙi buɗewa, na yanka yadda na fahimta daga bayaninta. Ta zo ta ɗaga riga ɗaya ta duba, ta kwashe sauran yadinta ta tafi. Daga bakin keken ɗinkina na wuce gidan tsohon, almakashi ma a hannuna.

"Baba, yau sai ka faɗa min. In ba ka so, ka ce ba ka so, in je in yi nawa ni kaɗai."

"Kira Oliver," ya ce.

Na ɗauka an gama. Ashe cikin tsare-tsaren Oliver, mafi ƙanƙanta ya zaɓa.

"Oga, wannan na aika saƙo ne kawai," in ji Oliver. "Ba zai ɗauki bidiyo da kyau ba, balle gida biyu. Abeg, ka ɗan hau sama kaɗan."

"Shi nake so."

Na ce ni zan cika abin da ya rage a sa babba. Ya ce layi a kan rufinsa yake, shi ke da magana. Na koma gida ina cewa a raina ban taɓa ganin rowa irin ta wannan tsoho ba.

Oliver ya zo ya kafa faifan kama layi a kan rufin. Ranar Lahadi bayan tsohon ya dawo daga coci ya kira ni in kunna masa kwamfuta. Na ajiye ta a kan tebur inda haske yake, sai ya ce a'a. Ya ja kujerarsa da ƙyar ya juya wa taga baya. Erdoo ta fito a gilashin, fuskarta tana rabewa gida-gida, muryarta tana zuwa tana ɗaukewa. Suka yi ta magana da Tibi, ina tsintar kaɗan. Can ta juya Hausa, don a unguwar nan ta girma.

"Anti Usaina, kina nan? Ba na ganin Baba, inuwa kawai nake gani. Wane irin intanet kuka sa haka?"

"Tambayi babanki," na ce.

Ya yi dariya, ya ce mata garin Lafiya ke nan, haka abin yake.

Da suka gama na rufe kwamfutar da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. "Ka gani ko? Yarinya ta yi ta jira, yau ko fuskarka ba ta gani ba. Gobe zan kira Oliver ya canza."

"Ba za ki kira ba. Zo nan, Maman Safiyu. Duba ido na."

Ya juyo wajen taga. Kullum ina ganinsa, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Farin idonsa ya koma rawaya. Kumatunsa sun faɗa, wuyansa ya zama siriri, ciki ne kawai ya taso.

"Hanta ne," ya ce. "Likita ya gaya min tun kafin ruwa ya fara. Erdoo nas ne. Kallo ɗaya zai yi min ya gane. Jarrabawan ƙarshe yana gabansa. In ya gan ni haka zai bar komai ya hau jirgi, wahalan shekaru ya tafi banza."

Na zauna a hannun kujera. Tausayi ya kama ni, amma haushin bai tafi ba.

"Shi ya sa ka yi ta yawo da hankalina? Ni da Oliver da yarinyar mutane a ofis? Da ka faɗa min tun farko!"

"Da na faɗa miki, bakinki zai riƙe?"

Ya sa na yi masa alkawari.

Na riƙe alkawarin har inda na iya. Ƙanwarsa Iveren ta zo daga Assakio ta zauna da shi. Ni nake kai kunu da safe, yawanci yadda na kai haka nake dawowa da shi. Duk Lahadi a kunna kwamfuta, a juya wa taga baya. Da tashi zaune ya gagare shi, sai ya ce a gaya wa Erdoo kyamara ta lalace.

Wata rana ina bakin titi ina sayen zare kiranta ya shigo wayata.

"Anti, na gama jarrabawa jiya. Ki gaya min gaskiya don Allah. Me ya sa numfashinsa yake haka in yana magana?"

Na tsaya da zare a hannu, mashina suna wucewa. "Ki taho gida, Erdoo," na ce. "Kada ki tsaya komai."

Ta ce jirgi sai ƙarshen mako. "Kafin nan ina so in gan shi. Da idona. Ki taimake ni, Anti."

Ban koma gida ba, na wuce shagon Oliver. Ya ce babban tsari sai an canza faifan da ke kan rufi, wanda yake da shi kuma ya ƙare, sai an kawo daga Abuja. Na hau keke zuwa kamfani. Yarinyar ta gane ni. Ta ce sai masu awo sun fara zuwa sun duba nisan lungunmu da titi, sannan a sa mu a layi. Na ce mutum ne kwance, ba shi da lokacin layi. Ta ce tsarin 'yan kasuwa ya fi sauri, ina takardar shagona? Na ce shagona barandar gidana ce. Ta ba ni haƙuri, kuma na ga har ranta take bayarwa, amma haƙurin bai jawo waya ba. Na yi tunanin ɗaukar tsohon zuwa bakin titi da wayata. Iveren ta ce ko juya shi aka yi a gado sai ya yi ƙara.

Washegari da hantsi, lokacin da mutane suka fita aiki layin ya ɗan sami sarari, muka buɗe labule duka, na ɗora kwamfutar a kan matashi kusa da fuskarsa. Ya dube ni, ya gane na faɗa. Bai yi faɗa ba.

Erdoo ta fito, ta buɗe baki, hoton ya tsaya cak. Muryarta ce kawai ke zuwa a gutsure.

"Anti, ya tsaya! Ba na ganin komai!"

Na kashe, na kunna. Na cire waya daga bango na mayar. Na fita tsakar gida na ɗaga kai ina kallon faifan Oliver kamar zan iya tsawata masa. Da na dawo na tarar tsohon ya ɗora yatsunsa a gefen gilashin yana yi mata magana da Tibi a hankali, ita ma ta daina kuka tana amsawa. Na bar taɓa komai. Ba ta gan shi ba, amma sun yi magana mai tsawo.

Ya cika ranar Juma'a da rana, ina kan keke ina ɗinki na ji kukan Iveren ta katanga. A lokacin Erdoo tana cikin jirgi.

Aka kai shi ɗakin ajiyar gawa kafin dangi su taru. Ana gobe za a wuce da shi Assakio, Erdoo ta shigo barandata da baƙar kwat a hannu, wadda babanta ya yi aure da ita. Masu shirya shi sun ce ta yi masa yawa, a rage.

"Kamar yaya zan ce a rage, Anti? Ke kika gan shi."

Na karɓa, na juya ta ciki waje, na shimfiɗa a kan cinyata. Ban ɗauko ma'auni ba. Na sa alli na ja layi a gefe da gefe, ciki sosai. Ta dubi layin, ta dube ni. Na fara farke ɗinkin da reza. Hannun rigar ɗaya ya zame zai taɓa ƙasa, ta matso a kan benci ta riƙe shi.