Zoben da ke Bayan Makarantar Kukar Hamma

Shekara hamsin Malam Inuwa ya yi yana noman gonar da ke bayan firamaren Kukar Hamma, wani ƙauye can gaba da Toranke. Akwai wani ɗan tudu da ya ratsa gonar, duk damina sai shanun huɗa sun yi masa gardama a kansa. Bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Da ƙaramar hukuma ta tashi ƙara ajujuwa, sai aka turo wata ma'aikaciya, Kadijatu, daga Ajingi ta auna filin. A wannan makarantar ta yi firamare, don haka ta san Malam Inuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta buɗe kwamfutarta a gindin darbejiya.

"Baba, ga garinku daga sama. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka."

Da farko bai gane komai ba, sai da ta nuna masa masallaci da kwanon makaranta. Daga nan idonsa ya kama hanya da kansa: ga burtali, ga kududdufi, ga gidansa kamar ƙwayar gero.

"Wannan ne ya ɗaure min kai," in ji ta. Ta bi wani duhun layi da yatsa. Ya taso daga gonarsa, ya kewaye makarantar da gonaki goma sha wani abu, ya dawo ya haɗe. "Kwari ne?"

Malam Inuwa ya bi layin da ido. Kakarsa Hanne takan ce asalin garin ba nan yake ba, yana da ganuwa da ƙofa biyu, rijiyoyi ne suka ƙafe aka tashi. Su kuwa jikoki tatsuniya suka ɗauke ta.

"Ganuwa ce, 'yar nan," ya ce a hankali. "A kanta nake noma."

Suka tashi suka bi tudun da ƙafa, shi a gaba. Ta gabas suka tarar da inda ya yanke, faɗin da jaki biyu za su gifta. Ya tsaya a wurin yana tasbihi, yana kallon dawarsa da ta fito a inda gidajen mutane suke a da.

Kadijatu ta rubuta rahoto, aka matsar da ajujuwan zuwa kudu don kada a taɓa ganuwar. Hedimasta kuma ya roƙi Malam Inuwa ya riƙa zuwa ranar Laraba yana zagayawa da 'yan aji shida. Ranar farko tambayoyinsu suka fi ƙarfinsa, sai ya hau mashin ya tafi Gafasa neman wata gwaggonsa da ta girme shi da shekara ashirin, don ta ba shi labarin tsohon garin.