Abin da Bishiyar Mangwaro Ta Ce

Na dawo Lahore daga Prague da takardar shaidar adana tsofaffin finafinai da farar safar hannu. Kawu Shafqat ko kallon takardar bai yi ba.

Shekara talatin yana tara finafinan masana masu gwaje-gwajen hauka, irin waɗanda ko a zamaninsu ba a kalla ba. Wanda ya fi so ba shi da sauti, rubutu ake karantawa: wani likita ne ya jona wa bishiyar mangwaro lantarki don ta yi magana. Fim ɗin naɗi biyar ne, Kawu yana da huɗu. Na huɗun ya ƙare daidai inda likitan ya kara kunne a jikin bishiyar.

"Mehwish, kafin idon nan ya gama rufewa ina so in san abin da ta ce," in ji Kawu, don ganinsa ya fara raguwa.

Wata biyu ina bin sawun naɗi na biyar, har ya kai mu, ni da Kawu, shagon wani tela, Usta Meraj.

"Na yayyanka shi tun ba a haife ki ba," in ji shi. "Ba abin da ke miƙar da kwalar riga kamar fim."

Kawu ya dafe ƙirji. "Kai mahauci ne, ba tela ba!"

"Mahaucin da ya ɗinka maka rigar angonci. Zauna, tsoho, ga shayi."

Usta bai manta wuyan kowa ba, ya aika wa duk waɗanda ya ɗinka wa riga a lokacin. Bayan sallar Juma'a dattawa goma sha tara suka zo da rigunan da suka daina shigarsu. Ana farke kwala, ana yi wa tumbin juna tsiya. Na sa safar hannuna. Usta ya zaro guntun fim da haƙori, ya goge a cinya. Na cire ta.

Muka jera guntayen a gilashin taga. Hular likita, reshe, rabin gashin baki. Babu rubutu.

"Saura taka," Usta ya ce wa Kawu.

"Ba a taɓa min rigar aure."

"Rigar da ko hannunka ba ya shiga?"

Kawu ya je gida ya ɗauko, ya farke da kansa. Fim ɗin ɓangaren hagu na kwalar baƙi ƙirin. Na dama hoto uku, da farin rubutu. Ya miƙo min.

"Karanta, 'yar Turai."

Na ɗaga shi saitin rana. "Ta ce: Ku ba ni ruwa."

Kawu ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Ƙishirwa! Ashe a wuyana na kai ta ɗaurin aure! Usta, ƙaro shayi."

"Ita dai ruwa ta ce," in ji Usta.