Marfin Bututun Hayaƙi

Murhun ɗumama ɗaki da ke falon Malam Maitama a garin Hyattsville bai taɓa ganin itace ba. Matarsa Saudatu ce ta mai da shi wurin ajiye kaskon turaren wuta, don hayaƙin ya bi bututu ya fice, kada na'urar gano hayaƙi da ke silin ta yi ta ihu har maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana. Ta rasu a watan Oktoba, marfin bututun yana buɗe yadda ta bar shi.

Yanzu sanyin Janairu ke gangarowa ta nan, ɗauke da ƙamshin da tubalin ya sha shekara goma sha tara. Maitama ya ja kujerarsa kusa, yana karatu yana tari.

'Yarsa Hidaya, ma'aikaciyar jinya, ta zo daga Greenbelt ta saurari ƙirjinsa.

"Baba, wannan tarin asibiti zai kai ka. Ko a rufe ramin nan, ko ka koma wurina."

"Masu ta'aziyya sun cinye min shinkafa, ke kuma iskar da ta rage min kika zo ɗaukewa."

"Ni ma ina jin ƙamshin, Baba," ta ce a hankali.

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya durƙusa, ya zura hannu ya jawo marfin da kansa, ya cusa tsohon bargo a bakin ramin. Kafin la'asar ɗakin ya yi ɗumi, ba ya ƙamshin komai.

"To, likita, an warke," in ji shi. "Ɗora mana shayi."