Aron Suna a Rajistar Fita

Wanda ya fara ba da aron suna a kamfanin bas ɗin nan wani direba ne da ake kira Dogo, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ranar da naƙuda ta kama matarsa. Abokinsa ya ja motar, ya rubuta sunan Dogo a rajistar fita, manya suka kau da kai. Tun daga ranar, duk wanda uzuri ya kama, sai wani ya hau kujerarsa da sunansa.

Ta wannan hanya ce sunan Sannu-Sannu ya shiga takardar tuhuma. Dattijon direba ne, shekara ashirin da takwas bai taɓa gogar ko bango ba. Wata Talata bayansa ya riƙe, sai ƙanensa Auta ya karɓe shi, alhali shi Auta ya riga ya yi awa goma sha ɗaya a kan sitiyari. Da la'asar gyangyaɗi ya kwashe Auta a mahaɗar kasuwa, ya buge wani tela da ke tafe a kan keke. Ya zauna da mutumin har motar asibiti ta iso, sannan tsoro ya kama shi, ya sulale cikin taro. Telan ya cika a hanya. 'Yan sanda suka buɗe rajista, suka nufi gidan wan.

Lauyan kamfani ya yi wa Sannu-Sannu bayani yana duba agogo. "Kun yi kama, kuma fasinja ba ya kallon fuskar direba. Kai da tarihinka, za a ce kuskure ne da ruɗewa, shekara ɗaya, wataƙila ma a jingine. Shi kuwa da ya tuƙa babu hutu, ganganci ne. Biyar zuwa bakwai."

A gida matarsa ta ajiye masa ruwan zafi na gasa baya, ta ce, "Kai da kaza ma sai ta gama tsallaka titi ta yi maka godiya, yau kai ne mai kisa? Wa zai yarda?"

"Alƙali bai taɓa shiga motata ba."

Auta yana tsugune a bakin ƙofa. "Yaya, yarana huɗu."

"Na san adadinsu, a nan suke cin abincin rana. Tashi ka tafi, na gaji."

Sannu-Sannu ya amsa laifin a gaban 'yan sanda. Ranar zaman kotu ya isa da wuri, ya zauna a bencin baranda yana jiran a kira shi. Wata mata mai kimanin shekara talatin ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta daɗe tana murza hannun jakarta.

"Baba, kai ne direban?"

Ya gyaɗa kai.

"Ni 'yar telan ce, kuma ba zagi ya kawo ni ba. Ma'aikacin motar asibiti ya ce ka ɗora kansa a cinyarka, yana ta yi maka magana. Mahaifiyata kullum wannan take tambaya. Me ya ce?"

Sannu-Sannu ya buɗe baki. Yana iya cewa marigayin ya ambaci 'ya'yansa, amma bai san ko nawa ba ne. Yana iya cewa ya yafe wa kowa, sai a kai wa tsohuwa maganar ta riƙe har ƙarshen ranta. Ya shirya zaman kurkuku, har ya ware bargon da zai tafi da shi, amma wannan bai shirya masa ba.

"'Yata," ya ce, "ba ni ne na riƙe shi ba."

Da aka kira ƙarar, ya maimaita haka a gaban alƙali.

An ba Auta shekara biyar. Kafin a wuce da shi ya faɗa wa 'yar telan abin da ya ji: akwai wando a ƙarƙashin murfin keken ɗinki, mai shi zai zo Alhamis, kada ya tarar da shago a rufe. Wannan ne rabon iyalan mamaci, kuma sun karɓa. Kamfani ya tsira da motarsa bayan an gyara fitila ɗaya. Sannu-Sannu ya samu ɗaurin wata uku da aka jingine saboda ba da bayanin ƙarya, da takardar kora saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya riƙe lasisinsa, ya riƙe gidansa, ya kuma riƙe izinin ziyara a kurkuku sau biyu a wata, wanda har yau Auta bai fito ya amsa ko ɗaya ba.